Sunan da Ban Faɗa a Waya Ba

Ƙarar murfin tukunya nake fara ji duk sanda na tuna ranar. Ƙaramin murfi ne na tukunyar da nake dafa shayi. Yayanku Abba yakan tsayar da shi a kan gefensa a daɓen kicin, ya murza da yatsu biyu, sannan ya kwanta rub-da-ciki ya manna kumatunsa a ƙasa yana kallo. Murfin ya yi ta juyi shiru, can ya gaji ya fara kaɗawa, kwal-kwal-kwal, da sauri da sauri, har ya kife. Sai ya tashi ya sake. Shekararsa uku da 'yan watanni a lokacin, bai taɓa furta kalma ɗaya ba, kuma in na kira shi ba ya waiwayowa. Ni kuwa ina tsaye jikin bango riƙe da kan tarho, na naɗe igiyarsa a yatsana har yatsan ya yi fari.

Safiya, Mahmud, dominku nake rubuta wannan. Ranar addu'ar ukun Babanku na ji ki a kicin, Safiya, kina gaya wa ƙawarki da Turanci cewa Baba bai taɓa yarda Yaya yana da lalura ba, Mama ce ta yi yaƙin ita kaɗai. Ban gyara miki ba, domin a ranar ni ma haka na ɗauka. Yanzu na san ba haka ba ne, kuma ba na so in bi shi in bar ku da labarin da ya fifita ni ya rage shi.

A wancan lokacin muna zaune a wani ƙaramin gida na sama a gabashin garin Greensboro a nan Amurka, kusa da jami'ar da Babanku yake karatun digiri na uku kan ƙasar noma. In iska ta juyo da safe takan kawo ƙanshin taba daga masana'anta, wani ƙanshi mai zaƙi kamar an ƙona sukari. Takardun zamana ba su ba ni izinin aiki ba. Ni da na karanci adabi, na koyar shekara guda a makarantar 'yanmata kafin aure, sai ga ni ina wuni ba wanda ya ce da ni ko ci kanki. Babanku ya fita kafin rana ta fito, ya dawo bayan magariba da ƙasa a farcensa. Ina da wani littafi mai koren bango da nake rubuta baitoci a ciki, yawancinsu kan itacen da ke bakin tagarmu ne, wanda yake fitar da fararen furanni tun kafin ya yi ganye. Har sunayen maƙwabta na raɗa musu a raina, na ƙirƙira musu labarai, alhali ba mu taɓa wuce ɗaga hannu ba. Wanda nake wuni da shi kuwa, idonsa bai taɓa zama cikin nawa ba.

Likitan yara ce ta fara ambatar kalmar otizam. Ta ce ba ita ce mai yanke hukunci ba, sai ƙwararru a wani babban asibiti a wani gari sun gan shi, kuma layin masu jira yana da tsawo, zai iya kai shekara. A gida da sai a ce galahanga, kalmar da ban taɓa so ba. A teburinta na ɗauko wata 'yar takarda da ke bayanin tallafin da gwamnati take ba yara masu naƙasa, na ninke ta na sa a cikin koren littafina.

A makon ne wani ɗalibi ya dawo daga Kano ya kawo mana kaset daga Hajiya, kakarku ta wajen uba. Haka muke gaisawa a lokacin, waya tsada. Muka sa shi a rediyo muna cin abinci, muryarta ta cika ɗakin, ana jin kukan tunkiya a bayanta.

"Ina mai sunan Malam? Ku shafa min kansa. An ce har yanzu bai buɗe baki ba. To ku kwantar da hankalinku, gado ne, mai sunan nasa ma sai da ya shekara huɗu, ga shi duk garin nan ba wanda bai sha karatu a bakinsa ba. Ke kuma Zulai, ki kiyaye harshenki a kansa. Bakin uwa ba abin wasa ba ne. Ko a ranki kada ki ce ba zai iya ba."

Da kaset ya ƙare na fito da 'yar takardar na ajiye kusa da kwanonsa. Ya karanta gaba da baya, ya tura min ita da bayan hannu.

"Zulai, ba bara muka zo yi ƙasar nan ba. Kuma kin san in sunanmu ya shiga wannan layi, ranar sabunta takardu za su fito mana da shi."

"Amma Malam, shi ɗan ƙasa ne, a nan aka haife shi."

"Lafiyarsa ƙalau. Kin ji abin da Hajiya ta ce."

Abin da ya sa na damu da tallafin shi ne wata malamar koyar da magana a Summerfield, can bayan gari. Anti Binta ce ta samo ta. Kun san Anti Binta ta McLeansville, 'yar Zariya, mai aikin jinya, wadda ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Sau biyu ta kai mu a motarta. Malamar dattijuwa ce, a gidanta take karɓar yara huɗu kacal, safiya uku a mako, kuma abin da take karɓa daga marasa hali bai taka kara ya karya ba. Bayan gidan akwai dangar katako da dawakai biyu suna kiwo. Abba ya tsaya jikin dangar ya daina kaɗa hannun nan da ya saba, ya yi tsit. Malamar ta durƙusa kusa da shi tana busa leɓenta irin na doki, sai na ji ya yi ƙoƙarin kwaikwayo. Shi ne karo na farko da na ga ya karɓi wani abu daga bakin mutum. Ta ce za ta riƙe masa wuri har ƙarshen sanyi mai zuwa. Matsala ɗaya ce: bas ba ya zuwa Summerfield, Anti tana aikin safe, mu kuma ba mu da mota.

Shi ya sa wata safiya a watan Maris, bayan Babanku ya fita, na buga lambar da ke jikin takardar. Na tsara Turancina tun a kan sallaya. Wata mata ta ɗauka, na ce ina tambaya ne game da tallafin yaro. Ta ce to, mene ne sunan yaron?

Na ce, "Abba."

"Haka yake a takardar haihuwarsa?"

A nan na tsaya. Ku da kuka tashi a nan ba lallai ku gane ba. Shi ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin mijina yake ɗauke da shi. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. A asibiti katinsa nake miƙawa, ko Babanku ya faɗa. Innata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, kuma ba wanda ta fi so kamarsa. Na san zan iya jero mata haruffan ɗaya-ɗaya, ba jahila ba ce ni. Amma gaskiyar da zan gaya muku ita ce ba sunan kaɗai ya hana ni ba. Ji na yi in na faɗa, matar za ta rubuta sunan Malam kakanku, mutumin da aka sha karatu a bakinsa, ta sa shi a layi ɗaya da kalmar naƙasa, kuma da bakina za a yi hakan. Murfin yana ta kaɗawa a ƙafata. Matar ta ce, "Kina ji na?" Na ce zan sake kira, na ajiye.

Ban sake kira ba. Na samo wa kaina dalili mai kyau: ai sai takardar ƙwararru ta fito tukuna, wa zai saurare ni ba hujja? Da wannan dalili na yi lokacin zafi gaba ɗaya. Cikinki ya shiga, Safiya. Fararen furannin suka zube, ganye ya fito, ya yi kore, ya fara ja. Kullum in na ji motar mai kawo wasiƙu sai in sauko da gudu in duba ko asibitin ya aiko da rana.

A watan Oktoba Anti Binta ta zo kawo min daddawa da kuka, ta ga takardar ta leƙo daga littafina. Ta zare ta ta karanta a tsaye.

"Ke Zulai! Tun yaushe wannan take hannunki?"

"Ina jiran takardar likita ne, Anti."

"Wace takarda? Wa ya ce miki sai da ita? Ana shigar da suna ne a ci gaba da jira, in ta fito su biya tun daga ranar da kika fara zuwa. Ke dai da digirinki, sai zama bakin taga kina yi wa itace waƙa! Haƙƙin yaro ne fa, ba sadaka ba."

"Malam ba ya so."

"Malam ɗin shi zai goya shi zuwa Summerfield? Gobe ki hau bas ki tafi. In ya yi faɗa ki ce Binta ce ta sa ki, ya zo McLeansville ya same ni."

Washegari na ɗaure Abba da jaket, na sa murfin a jakata, muka hau bas zuwa babbar tasha a cikin gari. Daga nan muka taka ta titin Elm, yana tafiya a kan yatsun ƙafa yana shafa kowane gilashin kanti. A ofishin tallafin mun jira har kusan azahar. Fitilun suna wani zuzu da ni ban lura da shi ba sai da na ga ya toshe kunnuwansa. Na ba shi murfin, ya shiga ƙarƙashin kujera da shi. Wadda ta kira mu baƙar fata ce, dattijuwa, tabaraunta na rataye da sarƙa a wuya. Ta leƙa ƙarƙashin kujera ta ce wa Abba sannu, ba ta jira amsa ba, ta ɗora yatsunta a kan na'ura.

"Sunan yaron?"

Katinsa yana jakata. Hannuna har ya kai ga zif ɗin. Sai na fasa. Ban san me ya sa ba, wataƙila na gaji ne da wata bakwai ɗin nan.

Na ce, "Haruna."

Sunan ya fito kamar ba da muryata ba. Na duba ƙofa kamar Hajiya za ta shigo. Kada ku zaci ya waiwayo. Bai waiwayo ba, murfinsa yake kallo.

Matar ta tabbatar da abin da Anti ta faɗa. Ta ce fayil zai jira takardar ƙwararru, in an amince za a biya a dunƙule tun daga ranar farko da aka sanar da su sunan yaron. Sannan ta tambaye ni ko mun taɓa tuntuɓarsu kafin yau, ko akwai wata takarda a gida mai hatiminsu da kwanan wata. Na ce takarda babu, amma na kira a watan Maris. Ta duba na'urarta, ba ta ga komai ba. Ta cire tabarau, ta dubi cikina, ta dubi takalman Abba da suka leƙo daga ƙarƙashin kujera. Sai ta jawo wata farar takarda ta ajiye a gabana da biro.

"Wani lokaci kira yakan ɓace a wajenmu. In kin kira, kin ba da sunansa, ki rubuta haka a nan ki sa hannu. Ni zan kai wa shugabana. Wata bakwai ba kaɗan ba ne."

Ta juya kujerarta tana kallon taga. Na gane abin da ta yi. Ƙofa ta buɗe min ta kau da kai. Na riga na san abin da wata bakwai ɗin nan za su saya, domin na daɗe ina yanko tallan tsofaffin motoci daga jarida. Da su, mota za ta samu kafin malamar ta ba da wurin. Ba su, ba za ta samu ba. Na ɗauki biron. Na rubuta cewa na kira a watan Maris. A ƙasan takardar akwai layin da ke cewa mai sa hannu ya rantse abin da ya rubuta gaskiya ne. Na daɗe ina kallon wannan layin. Abin da ya zo min shi ne, bakin yaron nan nake nema Allah ya buɗe, ta yaya zan kai shi neman magana a motar da na saya da maganar ƙarya? Kuma sunan da na kasa faɗa shekara uku, yau da na faɗa, ƙarya ce za ta zama abu na farko da zan jingina masa?

Na ce, "Na kira. Amma ban ba da sunansa ba. Ajiye wayar na yi."

Ta juyo a hankali. "Me ya sa, 'yata?"

"A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari."

Ta mayar da tabaraunta. Ta ce ita kakarta ba ta yarda a yaba kyawun jariri a gabansa. Sannan ta ɗauke farar takardar ta sa a kwandon shara, ta buga hatimin ranar a kan fom mai shafi da yawa, ta ce in cike a gida in sa mijina ya sa hannu.

Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya hana ni ko girman kai ba. Na sha zama ina lissafa abin da shekara guda a wurin malamar nan za ta yi masa a wannan ƙuruciyar, kuma akwai ranakun da na ce da na sa hannun, in ya so in nemi gafara daga baya. Ina gaya muku ne don kada ku mayar da ni waliyyiya.

Bayan magariba, Babanku yana cin tuwo, na gaya masa komai, tun daga kiran watan Maris har tambayar da matar ta yi ko akwai takarda mai hatimi a gida. Ina jiran faɗa. Sai ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya tashi ya je wanke hannu. Ruwan ya daɗe yana zuba, ya daɗe ƙwarai, har na ɗauka ya manta da famfon.

Da ya dawo ya ce, "Wata bakwai, kika ce?"

"Haka ta ce."

"Allah ya sa hakan ne mafi alheri."

Da safe na tarar ya sa hannu a shafin ƙarshe tun kafin in cike komai. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni kuma na fassara shirun da fushi.

Cike fom ɗin ya ɗauke ni kwana huɗu. Tambayoyin duka iri ɗaya ne: me yaron ba ya iya yi? Ana so uwa ta zauna ta jero gazawar ɗanta da hannunta, ga muryar Hajiya tana yawo a kunnena. Dabarar da na yi ita ce, kowane layi na rufe shi da kalma ɗaya. Ba ya magana tukuna. Ba ya amsa kira tukuna. Ba ya wasa da yara tukuna. Ni da ke auna baiti don itace, wannan ne rubutu mafi wuya da na taɓa yi.

Ƙwararrun sun gan shi cikin tsakiyar sanyi, suka tabbatar da abin da likitar ta faɗa. Tallafin ya fito bayan an haife ki, Safiya, an lissafa shi daga Oktoba. Bai kai kuɗin mota ba. Malamar ta kira ni da kanta ta ba ni haƙuri, ta ce akwai wata yarinya da ta daɗe tana jira. Abba bai fara samun malamin magana ba sai da ya shiga makarantar gwamnati, bayan fiye da shekara. Kun san iya abin da yake faɗa yau, kuna iya ƙirga kalmomin. Ko da zai fi haka, ko da ba zai fi ba, Allah ne masani.

Mota sai da Babanku ya gama karatu ya sami aiki muka saya. Za ku tuna duk Asabar da hantsi yakan ɗauki Yaya su biyu su fita, in kun ce za ku bi ya ce ba yau ba. Summerfield suke zuwa. Malamar ta riga ta daina aiki, amma dawakai suna nan. Ya ajiye mota a gefen hanya su tsaya jikin danga suna kallonsu. Fiye da shekara ashirin yana haka. Ni na ɗauka hanyarsa ce ta gudun hayaniyar gida.

Bara, da nake kwashe littattafansa don a kai masallaci, na buɗe kundin digirinsa, wannan baƙi mai rubutun zinare. A bayansa akwai ambulan. Fom ne irin wanda na cike, ya yi ja don tsufa, da hatimin ofishin nan a samansa. Na kai wa 'yar Anti Binta, wadda ta san irin wannan aiki, na tambaye ta ko da an kai shi a watan Oktoba da ya yi amfani. Ta ce a'a, irin wannan takarda wa'adinta gajere ne, ya riga ya wuce tun kafin lokacin. Shi bai san haka ba. Bai tambayi kowa ba, kamar yadda ni ban tambaya ba.

Kwanan watan da ke jikin hatimin kwana tara ne kafin ranar da na ajiye wayar. Shi ma ya hau bas ya je, bai gaya min ba. Ya rubuta sunan yaron cikakke da rubutunsa mai kwanciya, sunan mahaifinsa. A shafi na biyu, inda aka tambayi abin da yaron ba ya iya yi, layi ɗaya ya rubuta ya tsaya: ba ya kirana Baba.